Laifin Wa? Waiwaye Cikin Tarihin Wasan Romiyo Da Juliyet

A zaman da kwamitin wasan kwaikwayo na wannan Ƙungiya tamu ya yi a farkon zangon karatun nan, an kawo shawarar a mai da shahararren wasan nan na Shekisfiya, watau Romiyo da Juliyet, zuwa Hausa, a nuna shi a Makon Hausa mai zuwa. Babu wanda ya ja da wannan shawara, domin kuwa ba mu ne farau ba. Tun tuni marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wani wasan na mutumin nan da sunan Daren Sha Biyu. Inda aka sami saɓani shi ne a kan yadda wasan zai ƙare. Wasu suka ce lalle ne a ƙara fitowa guda a ƙarshe, inda wani dattijo zai fuskanci 'yan kallo ya ce musu, to, ga fa makomar yaran da suka bijire wa iyayensu. Wasu kuwa cewa suka yi, ina amfanin a tara mutane a sa su kuka? A bar wasiƙa ta isa, masoya su rayu, a tashi da guɗa.

Ni ina cikin rukunin farko, har ma na fi kowa ɗaga murya. Na kafa hujja da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Wani malaminmu da ke zaune a wurin bai tanka ba sai da aka tashi, sa'an nan ya ja ni gefe ya ce in je in binciko inda Shekisfiya ya samo labarin da abin da ya yi da shi, in na dawo a ci gaba da gardama. Mako uku na yi ina zarya a laburare. Ba zan ce garin neman ƙiba na samo rama ba, amma dai hujjar da na tafi nema ba ita na dawo da ita ba.

Ga wanda bai karanta wasan ba, ga labarin a gurguje. A birnin Verona na ƙasar Italiya akwai manyan gidaje biyu, gidan Montegu da gidan Kafulet, waɗanda suka daɗe suna gaba, har ta kai barorinsu ba su haɗuwa a hanya ba a zare takubba ba. Romiyo, ɗan gidan Montegu, ya saci jiki ya shiga wata liyafa a gidan Kafulet, ya ga Juliyet 'yar mai gidan, so ya kama su. Kashegari wani Fada mai suna Lorens ya ɗaura musu aure a ɓoye, da fatan auren ya kashe gabar. A ran nan kuma Tibal, ɗan kawun Juliyet, ya kashe Makushiyo aminin Romiyo, Romiyo ya rama, Sarkin gari ya kore shi, ya koma garin Mantuwa. Uban Juliyet, da yake bai san an yi aure ba, ya tsaya kai da fata sai ta auri wani ɗan sarauta wai shi Faris. Fada ya ba ta wani magani mai sa mutum ya zama tamkar gawa har awa 42, ya aika wa Romiyo da wasiƙar bayani, wasiƙa ba ta isa ba. Romiyo ya ji labarin mutuwa, ya sayi guba, ya zo hubbaren gidan Kafulet ya sha. Juliyet ta farka ta tarad da gawarsa, ta soke kanta da wuƙarsa. A kan gawawwakin nan ne iyayen suka sulhunta.

Inda Labarin Ya Fito

Abu na farko da na gano shi ne ba Shekisfiya ya ƙago wannan labari ba. An haife shi cikin 1564, labarin kuwa ya girme shi da kusan shekara 90. Cikin 1476 aka buga wani littafin gajerun labarai na wani Ba'italiye mai suna Masuccio, mutumin Salerno, labari na 33 a ciki shi ne kakan wasan namu. A can sunan masoyan Mariotto da Ganozza, garinsu kuma Siena. Akwai auren ɓoye, akwai kisan kai, akwai maganin barci daga hannun Fada. Amma saurayin birnin Iskandariya na Masar ya gudu, ɗan aiken kuma 'yan fashin teku ne suka kama shi. Da saurayin ya komo gida aka kama shi yana ƙoƙarin buɗe kabarin, aka fille masa kai, ita kuma baƙin ciki ya kashe ta. In an lura, babu gabar gidaje a nan ko kaɗan. Rashin sa'a ce kurum.

Wanda ya kawo gaba cikin labarin shi ne Luigi da Porto, wani soja mutumin Vicenza, wanda aka yi wa mummunan rauni a wurin yaƙi cikin 1511, ya koma gida ya kama rubutu. Ya rasu cikin 1529, bayan rasuwarsa aka buga labarin nasa. Shi ne ya mai da labarin Verona, ya raɗa wa masoyan sunayen da muka sani, ya kuma ce abin ya faru ne a zamanin Bartolomeo della Scala, wanda ya mulki birnin daga 1301 zuwa 1304. Sunayen gidajen biyu kuwa a cikin babbar waƙar nan ta Dante ya tsince su, inda mawaƙin ya ambaci Montecchi da Cappelletti a jere yana kokawa da rigingimun ƙasarsa. Masana sun nuna cewa waɗannan ɓangarorin siyasa ne, na farko a Verona, na biyu a wani gari dabam wai shi Cremona. Ashe ko gari ɗaya ba su haɗa ba, balle 'ya'yansu su haɗu a liyafa.

Duk da haka labari ya ci gari har ya zama tarihi. Kafin ƙarshen ƙarni na 16 wani marubucin tarihin Verona ya shigar da shi cikin littafinsa, ya ma ba shi shekara, wai 1303. Daga baya aka nuna wani tsohon gida a birnin aka ce shi ne gidan su Juliyet, hukumar gari ta saye shi cikin 1905, barandar nan kuwa da masu yawon buɗe ido suka yi ta tururuwa suna ɗaukar hoto a ƙarƙashinta, tsakanin 1936 da 1940 aka liƙa ta a jikin bangon. A cikin wasan ma taga Shekisfiya ya ambata, bai ambaci baranda ba. Mu da muke nazarin tarihin baka, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: in labari ya yi daɗi, ba a rasa wanda zai nuna maka rijiyar da abin ya faru.

Daga da Porto labarin ya faɗa hannun Matteo Bandello cikin 1554, daga shi sai wani Bafaranshe, Pierre Boaistuau, ya fassara shi cikin 1559. Bafaranshen nan ya yi wani ɗan sauyi da ya kamata a riƙe, don za mu komo kansa. A wurin da Porto da Bandello, Juliyet takan farka kafin guba ta gama da Romiyo, su yi ban kwana. Shi kuwa sai ya kashe Romiyo kafin ta buɗe ido.

Brooke Da Gargaɗinsa

Da wannan fassara ta Faransanci labarin ya ƙetara zuwa Ingila. Cikin 1562 wani saurayi mai suna Arthur Brooke ya mai da shi doguwar waƙa mai layi 3,020, shekara guda bayan haka ya nutse a teku. Wannan waƙa ita ce Shekisfiya ya buɗe a gabansa sa'ad da yake rubuta wasansa wajen 1595, ya kuwa bi ta sau da ƙafa a wurare da yawa. Saboda haka duk inda ya kauce mata, da gangan ya kauce.

Brooke ya sa wa waƙarsa gabatarwa inda ya bayyana wa mai karatu manufarsa. A taƙaice cewa ya yi ya kawo labarin ne don ya zama izina: ga wasu masoya da suka miƙa wuya ga sha'awa, suka yi watsi da ikon iyaye da shawararsu, suka mai da tsofaffin mata mashaya da Fada-fada masu camfi abokan shawararsu, suka fake da sunan aure don su rufe abin kunya, ƙarshe suka gaggauta wa kansu mummunar mutuwa. Sukar da ya yi wa Fada-fada tana da dalili, domin Ingila ta riga ta raba gari da Fafaroma tun 1534, shi kuma Brooke ɗan sabuwar ɗariƙa ne mai zafi. A ƙarshen waƙar an yi hukunci dalla-dalla: an kori uwar goyon Juliyet daga gari, an rataye mai sayar da guba, Fada ya shiga halwa har ya mutu. Gaskiya ne cikin waƙar kanta Brooke ya fi tausaya wa masoyan bisa ga yadda gabatarwar ta nuna, sai ka ce labarin ya fi ƙarfinsa yana cikin rubutawa. Amma dai manufar da ya shelanta ke nan.

Da na karanta wannan gabatarwa sai na ji kamar muryata nake ji a zaman kwamiti. Watau fitowar nan da nake neman a ƙara, an riga an rubuta ta shekara 30 da 'yan kai kafin wasan, tana gaban Shekisfiya a shafin farko, ya karanta ta, ya ajiye. A maimakonta sai ya sa sanƙira ya fito kafin a fara wasa, ya faɗa wa 'yan kallo cikin layi 14 cewa yaran nan za su mutu, ya kuma rataya abin a kan tsohuwar gaba, da mugun rabo, da fushin iyaye wanda babu abin da ya iya kashe shi sai mutuwar 'ya'yansu. Daga nan bai fara da masoya ba. Ya fara ne da barori suna tsokanar juna a kan titi, faɗa ya kaure, tsofaffin masu gidajen biyu suka fito kowa yana neman takobinsa, matansu suna riƙe su. Har wasan ya ƙare ba a taɓa faɗa mana mafarin gabar ba, ba kuma wanda ya tambaya.

Sauyi mafi girma shi ne na lokaci. A wurin Brooke an yi liyafa da Kirsimeti, an sa ranar auren Faris 10 ga Satumba, watau wata tara ke nan. Romiyonsa ya yi mako ɗaya ko biyu yana gilmawa ta ƙarƙashin taga kafin su yi magana, bayan aure kuma sun yi wata ɗaya ko biyu suna saduwa kafin a yi kisan. Masoyan da suka yi wata da watanni suna ha'intar iyayensu, ana iya cewa sun sami damar tunani sun ƙi. Shekisfiya ya matse wannan duka cikin kwana huɗu zuwa biyar na watan Yuli, lokacin tsananin zafi a can. Lahadi da safe faɗa, da dare liyafa. Litinin da rana aure, ba a fi awa guda ba aka yi kisa. Talata da asuba Romiyo ya bar gari, a safiyar nan kuma aka gaya wa Juliyet Alhamis za a aurar da ita. Ba ta ko cika kwana guda da aure ba.

A nan ne kuma ya ƙara wani abu da ba ya cikin waƙar Brooke. Da Juliyet ta komo daga wurin Fada ta durƙusa ta nuna wa ubanta ta yarda, sai murna ta kama shi, ya ce ai ba sai Alhamis ba, gobe Laraba za a yi. Matarsa ta ce ba a gama shiri ba, ya ce shi zai kwana bai yi barci ba ya shirya kome. Da wannan murna tasa ya rage kwana guda cur cikin ɗan lokacin da Fada yake da shi na sanar da Romiyo. Mun saba cewa yara ke da gaggawa, manya ke da haƙuri. To a wannan wasa a nuna mini babban da ya yi haƙuri. Fada Lorens ya yi wa Romiyo wa'azi a kan illar sauri, a ran nan kuma ya ɗaura aure. A ƙarshe da ya ji motsin 'yan gadi sai ya gudu ya bar yarinya ita kaɗai da gawar mijinta. Uwar Juliyet ta ce ta wanke hannunta daga lamarinta. Uwar goyo, wadda ta shayar da ita, ta kuma kai saƙon auren da ƙafarta, ita ce ta ce mata ta manta da Romiyo ta auri Faris. Shi kansa Sarkin gari ya amsa da bakinsa cewa kau da kai da ya yi daga rigimar ya jawo masa asarar 'yan'uwansa biyu, Makushiyo da Faris. Babu ko ɗaya cikin manyan nan da ya hango wani abu, alhali kuwa su ne a kan rimin.

Sa'an nan ga maganar shekaru. A wurin Bandello Juliyet tana wajen shekara 18, Brooke ya mai da ita 16, Shekisfiya ya sake ragewa ya ce saura mako biyu da 'yan kwanaki ta cika 14, ya kuma nanata wannan har sau da yawa don kada a manta. Da farko na ɗauka al'adar zamanin ce. Ashe ba haka ba ne. Ko da yake dokar Coci ta yarda a aurar da yarinya daga shekara 12, littattafan rajistar coci-coci sun nuna cewa galibin matan Ingila na lokacin sai sun kai wajen shekara 25 suke aure. 'Ya'yan masu sarauta da dukiya ne akan yi wa da wuri. Shi kansa Shekisfiya yana da shekara 18 ya auri mace mai shekara 26 cikin 1582, babbar 'yarsa Susanna kuwa, wadda aka haifa cikin 1583, tana wajen shekara 12 sa'ad da ake rubuta wasan. Ke nan masu kallo na farko yarinya ƙarama suka gani, wadda manya suka kewaye, kowa yana jan ta wajensa. Har Kafulet da kansa, a kashi na ɗaya, cewa ya yi da Faris ya dakata shekara biyu, ya kuma nemi yardarta tukuna. Ba a yi kwana biyu ba, mutumin nan ne yake ce mata in ta ƙi ta fita ta yi bara ta mutu a titi.

Abin Da Masu Kallo Na Farko Suka Sani

Akwai abubuwan da mutanen Landan na 1595 ba su bukatar a yi musu bayaninsu, mu kuwa sai an yi mana. Mafi muhimmanci a wurin kwamitinmu shi ne matsayin auren ɓoye. A tsohuwar dokar Coci yardar namiji da mace ita ce aure, ko iyaye sun sani ko ba su sani ba. Ana ƙyamar yin haka, ana ma hukunta masu yi, amma aure ya ɗauru. Sai cikin 1563 majalisar malaman Katolika da ta zauna a garin Trent ta wajabta Fada da shaidu, Ingila kuwa da yake ta fita daga hannun Fafaroma ba ta bi wannan ba, ta ci gaba da tsohuwar doka har 1753. Saboda haka a idon masu kallo Juliyet matar aure ce halaliya, abin da ubanta ke tilasta mata kuwa aure kan aure ne, shi ya sa ta zaɓi ta kwana cikin gawawwaki da ta yi shi. Mu kuwa a mazhabar Malikiyya babu aure sai da waliyyi da sadaki da shaidu. In muka ɗauko labarin muka dasa shi a wani garin Hausa, kamar yadda wasu suka ba da shawara, muka mai da Fada malamin zaure, to auren bai ɗauru ba, Juliyet ta tashi daga matar da ke tsare aurenta ta koma yarinyar da ta zubar da mutuncin gidansu, wasan kuma ya zama wani wasa dabam. Ra'ayina shi ne a bar su a Veronarsu, harshe kawai za mu sauya musu.

Faɗan titi ma ba tatsuniyar Italiya ba ce a wurinsu. Samarin Landan sun ɗauki yayin siririn takobin nan na Italiya, har akwai malaman Italiya da suka buɗe makarantun koyar da shi a birnin. Makushiyo yana yi wa Tibal ba'a a kan wannan yayi. Cikin Oktoba 1594 wata tsohuwar gaba tsakanin gidan Danvers da gidan Long a lardin Wiltshire ta kai ga kisa, 'yan'uwa biyu na gidan Danvers suka gudu Faransa, wanda ya ɓoye su kafin su tsere kuwa shi ne basaraken Southampton, ubangidan da Shekisfiya ya sadaukar wa dogayen waƙoƙinsa biyu. Ba na cewa daga nan ya ɗauko wasan, tun da mun ga inda ya ɗauko. Ina dai cewa ne ya san irin gidajen nan ido da ido.

Haka kuma maganar wasiƙa. Ɗalibai da yawa, har da ni a da, suna ganin rashin isar wasiƙar nan dabara ce mai rauni, wai ɗan aike ya shiga wani gida, masu tsaron lafiya suka yi zaton akwai annoba a ciki, suka rufe ƙofa da shi. Amma daga tsakiyar 1592 zuwa 1594 gidajen wasa na Landan kusan a rufe suke saboda annoba, cikin 1593 kaɗai ta kashe mutum fiye da 10,000 a birnin da bai fi mutum 200,000 ba, kuma haka ake yi: a rufe gida da mai ciwo da mai lafiya. Mu da muka ga kullen 2020 bai kamata mu yi wa wannan dariya ba.

Game da kisan kai da masoyan suka yi wa kansu, wanda shi ne babban abin da ya sa wasu 'yan kwamiti ɗari-ɗari, a sani cewa Kiristocin Ingila na lokacin ba su ɗauke shi da sauƙi fiye da yadda muka ɗauke shi ba. Wanda ya kashe kansa ba a yi masa jana'izar Coci, a mararraba ake binne shi, a kuma ƙwace dukiyarsa. Watau masu kallo sun san yaran nan sun aikata babban zunubi, hankalinsu ya tashi kamar yadda namu zai tashi. Shekisfiya bai ce sun yi daidai ba. Bai ma wanke Romiyo ba: ya nuna shi da safe yana kukan son wata Rozalin, da dare ya manta da ita, ya ɗora masa jinin mutum biyu, domin kashe Faris a bakin hubbare ƙari ne na Shekisfiya. Abin da ya ƙi yi shi ne ya tsaya a kan laifin yara ya rufe littafi. Rai shida aka rasa, har da uwar Romiyo da baƙin cikin korar ɗanta ya kashe, biyar daga ciki matasa ne. Masu gabar kuwa da ransu, suna tsaye suna yi wa juna alkawarin gumakan zinariya, wannan ya ce zai ƙera na 'yar wancan, wancan ya ce nasa ba zai gaza ba. Ni dai har a nan ina jin ƙanshin gasa.

Masu Gyaran Ƙarshe

Abokan gardamata na rukuni na biyu kada su yi murna, domin su ma an riga su. An fara buga wasan cikin 1597, aka sake buga cikakkensa cikin 1599. Cikin 1642 aka rufe gidajen wasa saboda yaƙin basasa, sai 1660 aka buɗe, daga nan ne kuma mata suka fara hawa dandamali. Kafin wannan yaro namiji ne yake fitowa a matsayin Juliyet. Ba a daɗe da buɗewa ba wani James Howard ya gyara wasan ya bar masoyan da rai, aka riƙa nuna shi yau su mutu, gobe su rayu. Wannan gyara ya ɓata, ko kwafi guda bai saura ba.

Wanda ya daɗe shi ne gyaran David Garrick, babban ɗan wasan Ingila na ƙarni na 18, wanda ya fara nunawa cikin 1748. Shi bai hana mutuwa ba, ƙara mata zaƙi ya yi. Ya ɗaga shekarun Juliyet zuwa wajen 18, ya share Rozalin don kada a ga Romiyo da sauyin zuciya, sa'an nan ya tashi Juliyet kafin Romiyo ya cika, ya rubuta musu doguwar hirar ban kwana. Wannan dabara ya gaje ta ne daga Thomas Otway, wanda ya yi irinta cikin 1679, ita ce kuma ta da Porto da Bafaranshen nan ya cire. Kusan shekara 100 wannan ne Romiyo da Juliyet da mutanen Ingila suka sani a dandamali, sai cikin 1845 wata Ba'amurkiya, Charlotte Cushman, ta komo da rubutun Shekisfiya a Landan, ita ta fito a matsayin Romiyo, ƙanwarta kuma Juliyet.

Na zauna na gwada ƙarshen nan biyu, na ga inda suka bambanta. In masoya sun yi ban kwana, mai kallo ya yi kuka ya huce, hankalinsa duka yana kansu, ya manta da sauran mutanen gari. A wurin Shekisfiya kuwa babu wannan sauƙi. Romiyo ya duba fuskarta ya ga har yanzu leɓunanta da kumatunta da ja, ya yi mamakin yadda mutuwa ba ta taɓa kyanta ba, bai gane cewa farkawa take shirin yi ba, ya sha guba. 'Yan mintoci kaɗan Fada ya iso, 'yan mintoci kaɗan ta farka. Mai kallo ya san abin da Romiyo bai sani ba, ba shi kuma da ikon faɗa masa. Ba a bar shi ya huce ba, sai aka cika dandamali da iyaye da Sarki, aka sa Fada ya maimaita labarin duka a gabansu tun daga farko. Garrick da ire-irensa sukan taƙaita wannan jawabi don suna ganin ya yi tsawo, tun da masu kallo sun riga sun san kome. Amma ai ba don masu kallo aka yi shi ba. Don Kafulet da Montegu aka yi shi, su tsaya a gaban jama'a su ji abin da ya faru cikin gidajensu ba su sani ba.

Saboda haka a zama mai zuwa zan janye shawarata ta ƙara fitowar dattijo, zan kuma roƙi 'yan'uwa su janye tasu ta isar wasiƙa. Abin da zan nema a maimako shi ne a kula da wanda za a ba matsayin Kafulet. Kada a mai da shi mugun tsoho mai zare ido tun daga fitowar farko, irin wanda 'yan kallo za su yi wa ihu su ce ai mu ba haka muke ba. A rubuce mutum ne mai fara'a, mai son baƙi, mai tsokanar 'yan mata su tashi su yi rawa, wanda ya hana Tibal taɓa Romiyo a gidansa, ya ma ce ya ji ana yabon yaron a gari. 'Ya'yansa duk sun mutu sai ita kaɗai, auren nan ma ya shirya shi ne don yana zaton kukan Tibal take yi, yana so ya share mata hawaye. Dole ne mai kallo ya so shi a kashi na ɗaya, in ana so fitowa ta biyar ta kashi na uku ta yi aikinta.

Da na duba takardar da sakatare ya liƙa a ƙofar ofishin Ƙungiya jiya da yamma, mutum goma sha ɗaya sun rubuta sunansu suna neman matsayin Romiyo, bakwai suna neman Juliyet, layin Kafulet kuwa babu kowa. Na ari biro na rubuta nawa.